Fararen Na Fatawu Ne

Da farcen babban yatsa Ɗantala ya murɗe kan kafson, a hankali, har ya rabu biyu, sannan ya zazzage abin da ke ciki a kan murfin kwano. 'Yan mitsi-mitsin ƙwayoyi suka gangaro: farare biyu, masu ruwan ƙasa biyu, da wata 'yar rawaya guda. Ya sa yatsa ya ware fararen gefe ɗaya.

"Ga naka, Yaya Fatawu."

Fatawu na tsaye a kansa cikin kayan direbobin bas, har ya kafa hula. Ya tsince fararen ya watsa a baki, ya kora da ragowar shayin Ɗantala, ko tambaya babu. Ɗantala ya haɗiye sauran ukun. Ɓawon kafson kuwa ya cusa shi can ƙasan kwandon shara, inda idon kowa ba zai kai ba.

"Yau Ghana zai buga a gasar ƙwallon kofin duniya, chale," in ji Fatawu da Hausarsa ta Zangon Kumasi. "Ni da hannuna zan kwashi mutanenmu in kai su fili da yamma. Ku 'yan Najeriya sai ku zauna ku yi mana gadin motoci."

"To ai gadin ma aiki ne."

"Aiki ne mana. Mu muka samo muku shi, ranar da muka doke ku muka hana ku zuwa gasar."

Ya kece da dariya, irin dariyar nan tasa mai girgiza gadon ƙarfe. Amma ba ta yi nisa ba ta yanke. Ya kai hannu ƙeya ya matsa, ya runtse ido ɗaya, ya ɗan tsaya a haka. Ɗantala ya gani, ya kuma yi kamar bai gani ba, don sun daɗe da sabawa da hakan. Fatawu ya ce yalla, wato a tafi, ya ja ƙofa, ƙarar takalminsa ta yi ta raguwa a baranda har ta ɓace.

Wannan rabon ƙwaya ba jiya aka fara shi ba. A shekarar korona, lokacin da aka zagaye Sanaiya, unguwar ma'aikata baƙi a wannan ƙasa ta Larabawa, aka hana shiga aka hana fita, ciwon zuciya ya kayar da Ɗantala a bakin famfo yana alwala. Fatawu ne ya goya shi, ƙato da shi, ya yi ta gudu har bakin shingen 'yan sanda yana ihu da Hausa da Turanci da Larabcin da bai iya ba, sai da aka kira motar asibiti. Likitoci suka zura wata 'yar waya a jijiyar zuciyarsa don ta riƙe hanyar jini a buɗe, suka sallamo shi da magani kala uku, wani da safe wani da dare, suka ce shi da su har ƙarshen rayuwa. To mutumin da ya yi maka wannan, ranar da ya zo ya zauna a gefen gadonka ya ce yana da magana, me za ka ce masa?

Maganar ita ce, Fatawu ya auna jininsa a wani kantin magani ya ga abin da ya gani. Hawan jini ne, kuma ba ɗan kaɗan ba. Mai kantin ya ce ba ya sayar da maganin sai da takardar likita, shi kuwa Fatawu ya ce asibiti ko a mafarki. Wani direba a kamfaninsu ya je da ciwon kai kawai, aka auna shi, da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Ko saboda jinin ne ko saboda wani abu ne, oho, amma direbobi duk sun riga sun yanke hukunci. Fatawu na da 'ya'ya mata a makaranta a Kumasi, ga tsohuwa, ba mai ɗaukar nauyinsu sai shi. Ya ɗauko Alƙur'ani ya sa Ɗantala ya dafa, ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, likita ne, manaja ne, ko ɗan ɗaki. Daga ranar, 'yar farar ƙwayar hawan jinin Ɗantala ta zama ta mutum biyu, yau wannan gobe wancan.

Sai jinin Ɗantala ya ƙi sauka. Likita ya duba ya sake dubawa, ya ce ai ya gane, mantuwa ce, masu aikin dare duk haka suke, ƙwayoyi sun yi musu yawa. Ya ce an samu sauƙi, yanzu duk an haɗa su a kafso ɗaya, ka haɗiya sau ɗaya da safe, khalas, shi kenan. Wai gata aka yi masa kenan! Ɗantala ya dawo ɗaki da kwalin a hannu jikinsa a sanyaye. Su biyu suka zauna suka tasa abin da ba ya rabuwa a gaba suna kallo, har Fatawu ya girgiza ɗaya a kunne ya ji yana ƙara kacau-kacau. Da suka buɗe suka tarar da farare a ciki, ai sai hamdala. Ta hawan jini fara ce, waɗannan farare ne, magana ta ƙare.

Ɗantala ya miƙe a gadon ƙasa. Daren jiya a tsaye ya yi shi, a wurin ajiye motoci na wani babban kanti a Aziziya, yana nuna wa baƙi masu fenti a fuska hanya. Sauran 'yan ɗakin duk masu aikin rana ne, sun watse tun asuba. An liƙe tagar da kwalaye saboda shi, don haka ko rana ta take ɗakin duhu ne, sai ɗan zaren haske ta ƙarƙashin ƙofa da gurnanin esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ya yi addu'o'insa ya tofa ya shafe jiki, ya yi ta ƙoƙarin kada ya kalli sama.

Sama gadon Abass ne. Abass mai walda, mutumin Kwantagora, ya kwanta lafiyarsa ƙalau cikin kullen korona, da safe aka tashe shi bai tashi ba. Asibiti suka ce zuciya ce ta tsaya. 'Yan ɗaki suka ce to me ya tsayar da ita? Tun daga nan ba wanda ya yarda ya hau gadon. An kawo sababbin ma'aikata, da sun ji labari sai su nemi canjin ɗaki. Ko jaka ba a ɗorawa. Katifar na nan yadda ya bar ta, in ka kwanta a ƙasa ka ɗaga ido za ka ga ta lotso ta tsakanin wayoyin gadon, daidai inda bayan mutum zai kasance.

Makonni kenan dannau ke zuwar wa Ɗantala. Ya san dannau tun yana yaro a Funtuwa: ya zo maka cikin barci, ya ɗaure maka hannu da ƙafa da harshe, da ka samu ka ambaci Allah ya sake ka. Wannan ba haka yake ba. Wannan ba ya ɗaure komai. Yana barinka ka motsa, ka yi salati da ƙarfi, ka karanta duk abin da ka haddace, shi dai yana zaune a ƙirjinka yana saurare. Ɗantala ya mayar da kansa wajen ƙafar gado, ya yi hayaƙin habbatussauda har wani ɗan Nepal da ke ɗakin ya yi ƙorafi, ya sa an yi masa sauka a gida. Likita kam bai faɗa masa ba. Ina ruwan likita da abin da ya sauko daga gadon Abass?

Yau ko barcin bai fara ba. Esi ya yi wani ɗan tari ya ɗauke, shiru ya rufe ɗakin ruf, sai ƙarfen gadon sama ya yi ƙara, ƙiiit, kamar mai barci ya gyara kwanciya. Ɗantala ya san ƙarfe na yin haka in sanyi ya ragu. Ya sani sarai. Duk da haka tsikar jikinsa ta tashi. Sai nauyin ya sauka a tsakiyar ƙirjinsa, a natse, ba gaggawa, kamar an ɗora masa buhun siminti. Ya bi ta kafaɗar hagu ya gangara hannu, ya hau muƙamuƙi. Zufa ta karyo masa a ɗakin da har yanzu bangonsa ke da sanyi.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, wanda ba ruwansa da girman mutum. Ya ce a ransa, wallahi ba zan mutu a ƙarƙashin katifar nan ba. Ya mirgino ƙasa, ya zura silifa, ya fizgo rigar aikinsa da ke rataye, ya fita ko ƙofar bai rufe ba.

A waje rana ta buɗe tarwai, har ido na ƙwalla. Bai taɓa ganin Sanaiya haka ba sai lokacin kulle. An dakatar da gine-gine saboda gasar, an tura leburori da yawa gida, manyan motocin da ke hana mutum tsallaka titi duk an jere su an kashe. Garejoji a rufe, tutocin ƙasashe na rataye a igiya babu iskar da za ta kaɗa su. Can nesa, wajen filin da aka kafa wa ma'aikata majigin kallon ƙwallo, wani na gwada lasifika, yana ta maimaita kalma ɗaya ga kujerun da ba kowa a kansu. Wata kyanwa ta fito daga ƙarƙashin tirela, ta dube shi, ta dubi bayansa, ta koma inda ta fito.

Ya yi tsammanin a ɗaki zai baro abin. Ina! Tare suka fito. In ya tsaya ya ɗan sassauta, in ya taka ya ƙara dannawa. Dannau a tsaye? Dannau da rana tsaka a kan titi? Ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana haki, a nan ne ya yarda da abin da ya yi makonni yana ƙin tunawa, cewa ya taɓa jin irin wannan nauyin sau ɗaya, a bakin famfo.

Wata bas ta zo ta tsaya da kanta, ƙofa ta buɗe. Ba kowa a ciki sai direba, shi ma takunkumi ya rufe masa rabin fuska. Ɗantala ya ce asibiti. Direban ya dube shi ta madubi, ya ja mota, kuma bai ƙara tsayawa a ko'ina ba har ƙofar asibitin.

Abin da ya biyo baya a gutsure ya zo masa. Keken marasa lafiya, fitilu farare na wucewa a sama, hannuwa masu sanyi na liƙa masa wayoyi a ƙirji, ana magana da harsunan da ba nasa ba. Ya rufe ido. Sai ya ji wata murya dab da kunnensa.

"Bawan Allah, buɗe idonka. Ina ke maka ciwo, ɗan nan?"

Gabansa ya yanke ya faɗi. Wannan Hausar ai ta kakarsa ce, wadda aka binne tun yana makarantar firamare. Har jan maganar iri ɗaya. Ya ce shi kenan, an zo tarbarsa. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ga nas ce, baƙa doguwa, da takunkumi da farin mayafi.

"Kada ka firgita, mutum ce ni," in ji ta, da alama ta saba. "Sunana Safura. A Sudan aka haife ni. Kakannina daga ƙasarku suka taso a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a hanya. Na ga sunanka a kati ne na ce wannan namu ne. Wane magani kake sha?"

Ya nuna aljihun rigarsa. Ta zaro kwalin kafson ta miƙa wa likita, wani ɗan Indiya mai furfura da ke duban wata doguwar takarda da na'ura ta fitar, yana girgiza kai.

"Likita ya ce in tambaye ka tsakaninka da Allah, kana sha kullum?"

"Kullum, Sista. Ban taɓa tsallake ko rana ɗaya ba."

Ya faɗe ta da ƙarfin gwiwa, don a ganinsa ba ƙarya ya yi ba. Likita ya ce wani abu, aka yi masa allura, aka sa masa wani abu a ƙarƙashin harshe. Safura ta kawo wata farar ƙwaya ta ce ya tauna, kada ya haɗiya. A hankali nauyin ya fara ɗagawa, ba duka ba, kamar mai zama ya gyara ya koma gefe. Ɗantala ya ja numfashi mai kyau karo na farko tun safe.

"Sista, wannan da na tauna ta mece ce?"

"Mai tsinka jini ce. Akwai irinta a cikin kafsonka ai."

"Au, 'yar rawayar nan?"

Hannunta ya tsaya cak a kan robar ƙarin ruwa. Ta juyo ta dube shi ta saman takunkumi, kallon da ya sa ya gwammace bai buɗe baki ba.

"Ya aka yi ka san akwai rawaya a ciki?"

Ɗantala ya kau da kai.

"Ɗantala, buɗewa kake yi?"

"Ina shan uku," ya ce a hankali. "Fararen ne kawai ba na sha. Na hawan jini. Ni kuwa jinina ya sauka, likita ma ya yaba."

"Innalillahi." Ta ja kujera ta zauna, ta sauke takunkumin zuwa haɓa. "Wa ya ce maka fararen na hawan jini ne? Launi ka bi? Kai, jama'a! Jininka ya sauka ne don kana shan rawayar, ita ce ta hawan jini. Masu ruwan ƙasa na rage maiƙo ne. Fararen nan da kake warewa su ne ke hana jini daskarewa a kan wayar da ke zuciyarka. Duk cikin kafson nan ba wanda ranka ke rataye a kansa kamar su. An haɗa muku wuri ɗaya don kada ku bar ko guda, kai kuma ka zauna ka sa farce ka raba. Zubarwa kake yi?"

"A'a."

"To wa kake ba?"

Ɗantala ya kalli silin. Abin da ya dame shi ba nasa ciwon ba ne. Watanni kenan Fatawu na watsa fararen a baki kowace safiya yana hamdala, yana hawa babbar mota, ashe ko ƙwaya ɗaya ta hawan jini ba ta shiga cikinsa ba. Ya tuna hannun nan a ƙeya.

"Na dafa Alƙur'ani, Sista."

Ta yi ajiyar zuciya. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ni ba 'yar sanda ba ce, ba kuma ma'aikaciyar kamfaninku ba. Amma ka sani, ko wane ne, yana yawo da jini a sama ba magani, ga mai tsinka jini yana sha a kai. In jijiya ta fashe masa a ka, jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ka ce ya zo a auna shi. Maganinsa ba wuya."

"In direba ne fa?"

"In ya hau sosai likita zai hana shi tuƙi har sai ya sauka. Masu shan magani da yawa suna tuƙinsu."

"Kamfani fa? Za su bar shi?"

Ta mayar da takunkuminta.

"Wannan ba zan rantse maka ba."

Aka tura shi wani ɗaki mai gadaje da labule tsakaninsu, aka ce nan zai jira motar da za ta kai shi asibitin zuciya, za a sake shiga jijiyar a duba wayar. Safura ta ɗora masa wani maɓalli mai igiya kusa da hannu, ta ce in ya ji nauyin ya dawo ya danna. Sauran gadajen duk babu kowa, an ja musu fararen zannuwa an lafe. Talabijin na manne a bango an kashe sautinsa, dubban mutane na tsalle baki buɗe ba a jin komai. Ya kira Fatawu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya bar masa saƙon murya.

Bayan azahar sai ga shi, ya ɗaura tutar Ghana a wuya a kan kayan aiki, da ledar lemo a hannu. Ya tsaya a bakin labule yana waige-waige, don Fatawu ko ƙofar asibiti ba ya son bi.

"Kai ɗan'uwa, wane irin abu ne wannan? Ranar wasanmu za ka zaɓa? Baƙin ciki ne ko?"

"Zauna, Yaya."

Ya zauna a bakin kujera kamar mai shirin tashi. Farin idonsa na dama ya yi ja jawur. Ɗantala ya kwashe komai ya faɗa masa, fararen da rawayar da abin da Sista ta ce, bai rage ba. Fatawu ya saurara yana murza hularsa. Da aka zo wajen cewa fararen su ne na wayar zuciya, ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

"Ashe ni na kusa kashe ka."

"Ba kai ba ne. Mu biyu muka zauna muka yi likitancinmu."

"To khalas. Daga yau ka sha abinka duka. Ni ka bar ni da Allah."

"A auna ka, Yaya. Ga mu a asibiti, kuma 'yar'uwarmu ce, Bahaushiya. Yanzu za a gama."

"A auna ni a ce kada in tuƙa, a wannan makon da ko mai zazzaɓi ba a ba hutu? Gobe sunana na teburin manaja." Ya girgiza kai. "Bari gasar ya ƙare tukuna. Da an ɗaga kofi ni da ƙafata zan zo."

"Mutum nawa kake ɗauka a motar nan?"

"Allah ke tsarewa."

"Na sani. Mutum nawa?"

"Ɗantala." Muryarsa ta sauka ƙasa. "Ka dafa Littafi. Ban taɓa roƙonka komai ba sai wannan."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Ɗantala ya ji kunya ta rufe shi, ya ji haushi, ya ji tausayin mutumin nan har idonsa ya ciko. Ya juya fuska bango. A talabijin an nuno filin wasa daga sama, motocin bas a jere kamar tururuwa. Fatawu ya duba agogo, ya ce lokaci ya yi, sai ya je ya karɓi mota. Ya ajiye ledar lemon a kan durowa, ya miƙe, sai ya dafa ƙarfen gadon ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Da ya yi magana, ba Ɗantala yake kallo ba, labule yake kallo.

"Abin nan da ke danne ka. In zai zo, yana yin magana?"

"Magana kamar yaya?"

"Kamar ƙara a kunne. Wani zuuu, kamar mutum na hura maka iska ta baya." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ni nawa ba ya zama a ƙirji. A bayan kujerar direba yake tsayawa. Ɗazu a kan babban titi ya sa hannu ya rufe mini ido ɗaya. Na ɗan lokaci ne kawai, ya sake. Na ce ko na Abass ne ya biyo ni mota."

Ɗantala ya dubi hannun da ke riƙe da ƙarfen gadon, hannun da ya taɓa riƙe shi a baya har bakin shinge. Ya lalubo maɓallin da ke kan zanin gado ya danna, ya kuma ci gaba da dannawa. Wata jar fitila ta kama a saman ƙofa, can cikin baranda ƙararrawa ta fara kuka.

Fatawu ya juyo a firgice.

"Ya dawo maka ne?"

"A'a."

Suka dubi juna. Fatawu ya kalli fitilar, ya kalli yatsan Ɗantala a kan maɓallin, fuskarsa ta sauya.

"Ka rantse fa."

"Na rantse. Zan yi kaffara."

"Shekara nawa muna cin abinci a kwano ɗaya, Ɗantala?"

"Ka tsane ni in ka so, Yaya. Kana da rai dai."

Fatawu ya kafa hularsa, ya ture labule ya nufi ƙofa da sauri. Ƙofar a buɗe take, ba mai tsaron ta, hanyar fita na hannun dama. Ya kai bakinta ya dafa bango, ya tsaya yana kallon dama. Ta hagu kuwa ƙarar takalmin roba na matsowa, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Bai fita ba, bai kuma dawo ba.

Safura ta ratsa ta gefensa ta shigo tana haki, idonta a kan na'urar da ke saman gadon Ɗantala.

"Me ya faru? Nauyin ne?"

Ɗantala ya ɗaga hannun da ke da robar ƙarin ruwa ya nuna bakin ƙofa.

"Sista, ga mai fararen nan."